Kaye Goma Sha Tara a Akwatin Baba

Warin baƙin mai ne ya fara tarar hancina. Ba irin na gareji ba mai hawa kai. Wannan ya daɗe, ya gauraya da yashi da tsohuwar takarda har ya yi laushi. Ranar Laraba ce cikin bazara, ranar da ake tashinmu daga lekol, makarantar bokonmu, da azahar, kuma ƙanwata da ta saba share ɗakin Baba tana kwance da zazzaɓi. Goggo ta miƙo mini tsintsiya ta ce in yi sauri in fito kafin mai ɗakin ya dawo. Na jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado don in share bayansa, murfin ya zame, warin ya taso. A ciki kaye ne, irin littattafan rubutun da muke zuwa da su lekol, masu jadawalin lissafi a bayan bango, an jera su a tsaye kamar bulo. Shekarata goma sha uku.

Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana son ruwa kuma ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya dubi bishiyar mangwaro ya ce, "Gidan nan babu ruwa ne?" In na kai masa, ya karɓa yana kallon wani wuri. Tun daga yaye aka miƙa ni ga Goggo, yayarsa, wadda mijinta ya rasu ta dawo ɗakin da ke kusa da zaure. Ita ta goya ni, ita take yi mini kitso, ita ce bakina a wajen Baba, ita ce bakinsa a wajena. Kakarmu Bafulatana ce, Goggo kuwa ta ɗauko kunyar ɓangarorin biyu ta haɗa ta riƙe gam. Ƙanwata, autar gida, takan hau cinyarsa ta fizge masa hula ta gudu da ita yana dariya. Ban ji haushi ba, ko kuwa ban san sunan abin da nake ji ba. An gaya mini wannan nisan shi ne girmana, na kuma yarda.

Na san inda Baba yake aiki kamar yadda 'yar Garwa ta san akwai teku. Da sassafe yakan hau kekensa zuwa wani fili a bayan gari inda Turawa da wasu manyan ma'aikata suke buga golf. Can ba a rasa ba sai mota ta zo ta ɗauke shi mako uku ko wata guda, a ce ya tafi da masu fim, domin yana jin Faransanci da Fulatanci da Hausa, kuma ya san hanyoyin daji. Iyakar sanina ke nan. Ban san yana rubutu ba.

Na zaro ɗaya. A bangonsa an zana da'ira da bik, wato biro, wasu kuma na ga an zana musu murabba'i. Daga baya na gane da'ira golf ce, murabba'i fim. Na buɗe ina tsammanin Faransanci, sai haruffan suka ƙi haɗuwa. Sai da na motsa baki na furta su, sannan na ji Hausa ce. A lekol ba a taɓa nuna mana Hausa a rubuce ba. A garinmu Faransanci na allo ne, Fulatanci na titi, Hausa kuwa ta kasuwa ce da tsakar gida, ban san tana zama a kan layi ba. Jimlar farko tana cewa yashin kogin Binuwai na bayan damina ya fi na rani, domin ruwa ya wanke masa ƙasa. Na karanta ta sau uku. A na ukun sai na ji muryar Baba, a natse, tana yi mini magana kai tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba. Na cusa kayen a cikin zanena, na mayar da akwatin, na manta ban share bayansa ba.

Daga ranar na karɓe sharar ɗakin Baba, ƙanwata kuwa ta sakar mini da murna. Duk Laraba in mayar da ɗaya in ɗauki na gaba, in ɓoye shi tsakanin littafin tarihi da na labarin ƙasa.

A cikin masu da'ira na koyi cewa a ƙasar Turawa ciyawa ce shar a kewayen ramin da ake jefa ƙwallon, amma a Garwa rana ba ta barin ciyawa, saboda haka da yashi ake yi. Wannan shi ne aikin Baba. Ya tankaɗe yashin kogi da rariya, ya kwaɓa shi da baƙin man da aka juye daga mota don kada iska ta kwashe shi, ya shimfiɗa shi a kewayen kowane rami. Kafin mai wasa ya buga bugun ƙarshe, Baba yakan ja wani katako mai ƙyalle a ƙasa ya share masa hanya daga ƙwallo zuwa rami. Ya cika kaye guda a kan jan katakon nan kaɗai: yadda ake ja da baya ba da gaba ba, yadda nauyin hannu yake sauya tafiyar ƙwallo, yadda yake gane mai girman kai tun daga yadda yake taka yashin. Ya rubuta hukuncin ƙwallon da ta faɗa sawun saniya, da na wadda ta faɗa kashinta, domin garken Fulani yana ratsa filin da safe kuma babu dokar Turawa da ta yi tanadin haka. Ya rubuta labarin hankakan da suke sure ƙwallo suna zaton ƙwai ne, su kai ta kan dutse su yi ta sara har su gaji. Akwai wani tsohon likita da yake buga wasa shi kaɗai tun bayan rasuwar matarsa, yana buga ƙwallo biyu. Baba bai ce komai a kan wannan ba, ya dai rubuta cewa yakan share masa hanya biyu.

Masu murabba'i sun fi ɗauke ni. A can na ga yadda aka kwana uku a bakin kogi ana jiran dorina ta buɗe baki, da ta buɗe kuma mai kyamara ya tafi bayan gida. Na ga wani masunci a Lagdo da aka sa shi ya jefa birgi sau goma sha ɗaya don hasken bai yi ba, a ƙarshe ya tambayi Baba ko mutanen nan kifi suke so ne ya je gida ya ɗebo musu. Aikin Baba tafinta ne, amma shi yake riƙe farin allon da ake mayar da hasken rana a fuskar mutum, kuma ya yi shafi shida a kan yadda baƙar fata take shan haske dabam da fara. Abin da na fi so shi ne ɗaukar shiru. In an gama aiki a wuri, mai ɗaukar sauti yakan ɗaga hannu, kowa ya tsaya cik minti guda, a ɗauki shirun wajen a tafi da shi. Baba ya ce shirun kasuwar shanu ba ɗaya ba ne da na gindin dutse, kuma ya jera irin shiru takwas da ya taɓa tsayawa a ciki. Na kwana biyu ina yawo a gida ina sauraren namu. A ƙarshen kowane kaye na fim yakan rubuta cewa bai ga fim ɗin ba, an tafi da shi ƙasarsu.

Goggo ce ta kama ni, da hanci. Ina zaune a bakin gadonta ina karatu da rana, ta shigo ta tsaya.

"Ke, yaushe lekol ɗinku ya koma gareji?"

Na dafe littattafaina. Ta ɗaga littafin tarihin, ta ga abin da ke ƙarƙashinsa. Ba ta iya boko ba, amma ta san hannun ƙanenta. Ta zauna a hankali.

"La'ilaha illallahu. 'Yar fari da binciken akwatin uba? In aka ji wannan, ni za a zaga, a ce ban iya riƙo ba."

"Goggo, labarin dorina ne kawai."

"Ko na aljanna ne. Me ya rubuta a kan dorinar?"

Na karanta mata. Ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane, ta ce tun yana yaro haka yake, sai ya zauna yana kallon tururuwa abinci yana hucewa. Sannan ta haɗa fuska. "Ki karanta in kin ga dama, ni ban gani ba. Amma kada ki kuskura ya sani. Kin ji ni? Kada ki ba shi kunya, kada ki ba ni."

Na ce na ji. Shekara shida ina riƙe da wannan alkawari, akwatin yana ƙara cika.

Ina lise, babbar sakandare, na gane Baba yana neman mai karanta masa, kuma ba ya samu. Bayan la'asar yakan zauna a ƙofar gida ƙarƙashin dogon yaro shi da abokansa biyu, wani tela maƙwabcinmu da wani kafinta Kirista ɗan duwatsu wanda Hausarsa ta fi ta kowa gishiri. Wata rana ina cikin zaure ina tsince shinkafa, na ji Baba ya yi gyaran murya ya ce zai karanta musu wani abu kaɗan. Na dakata da tsincewar. Na san kayen, na bakwai ne, inda yake bayanin sandunan golf.

Bai kai rabin shafi ba tela ya tare shi. "Tsaya, Malam. Sanda nawa ka ce?"

"Goma sha huɗu."

"Don ƙwai ɗaya? Ni da allura ɗaya nake tufatar da unguwar nan."

"Shi ya sa kowa wandonsa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya," in ji kafinta. "Bar shi ya karanta. Malam, to in sun jefa ta a ramin, sai su yi me?"

"Sai su ciro ta su tafi rami na gaba."

"Su ciro ta! Wayyo Allah. Mu a dutse in mutum ya yi haka, ɗaure shi muke yi mu kira mai magani."

Suka bushe da dariya, Baba ma ya taya su. Tela ya ce, "Alhaji Golf, ka rubuta mana tarihin annabawa mana, mu samu lada. Wa zai karanta labarin yashi?" Baba ya ce ai dama wasa yake yi, na ji ƙarar rufe kaye. Ya tsaya ne a tsakiyar jimla. Ni kuwa na san ƙarshenta, na ƙarasa ta a bayan bango ƙasa-ƙasa, ga shinkafa a cinyata. Taku biyar ne tsakanina da shi. Ban sake jin ya karanta wa kowa ba.

Ya gwada ƙanwata sau ɗaya. Ya miƙa mata na dorina, ta juya shi ta ce, "Baba, wannan wane irin Faransanci ne?" Ta yi fifita da shi, ta bar shi a kan turmi. Ni na ɗauke shi kafin akuya ta kai gare shi.

A shekarun nan ne abubuwa suka soma janyewa daga arewa. Baƙi suka daina zuwa, aka ce hanyoyi ba lafiya. Motar masu fim ba ta sake tsayawa a ƙofarmu ba. Masu golf suka ragu daga ashirin zuwa biyar, daga biyar zuwa tsohon likitan nan, sannan shi ma ya tafi. Aka yanka filin fuloti-fuloti, aka zube bulo. Duk wannan ba a bakin kowa na ji shi ba, a kaye na goma sha takwas na karanta. Baba ya ci gaba da hawa kekensa da safe har wata biyar yana tankaɗe yashin rami ɗaya da ya rage a gefen wata tsamiya, ba wanda ya sa shi. Ya rubuta cewa ran da ya je ya tarar an kwashe yashin an kwaɓa siminti da shi, magina sun yi ta tsaki wai mai ya hana shi kamawa. Na goma sha tara shafi huɗu ne kawai a cikinsa. Duk Laraba in buɗe in ga ko ya ƙara, in tarar da fari. Rubutun ya tsaya, na kuma san dalili, na kuma san ni kaɗai ce a duniya da ke da maganinsa a baki.

Na ci bak, jarrabawar gama lise, aka ba ni gurbi a jami'a a Ngaundere. Mako guda ina shirya kalma uku: Baba, na karanta. Na faɗe su a banɗaki, na faɗe su a kan gadar Binuwai ina bayan mai babur, na faɗa wa mangwaro. Na yi tunanin in na faɗa ranar tafiya, mota za ta ɗauke ni kafin kunyar ta kama mu duka biyu.

Ranar, da hantsi, Goggo ta raka ni ƙofar ɗakinsa in yi sallama. Yana zaune a kan buzu yana murɗa rediyo. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

Ya ce wa Goggo, "Yaya, a ce mata ta kula da salla. A ce mata can akwai sanyi."

"Ta ji," in ji Goggo.

Na ce, "Baba."

Hannunsa ya tsaya a kan rediyon. Bai dube ni ba, amma ya ce, "Na'am." A iya sanina wannan ne karo na farko da ya amsa mini ba ta bakin kowa ba. Na ga gefen akwatin a ƙarƙashin gado. Na ji numfashin Goggo a bayan wuyana. Kalmomin suna kan harshena, na ji nauyinsu kamar tsakuwa uku.

Na ce, "A yi mini addu'a."

Ya ce wa rediyon, "Allah ya ba da sa'a."

Goggo ta dafa kafaɗata, muka fito. A tasha ta yi ta yabona wajen wata mata, wai 'yarta ko ido ba ta ɗagawa a gaban uba.

A Ngaundere na rubuta masa wasiƙa har huɗu, da Hausa, da irin hannun da na koya a wajensa. Ban aika ko ɗaya ba. Wasiƙa ta hannun Goggo za ta bi, kuma ƙanwata ce za ta karanta a tsakar gida da ƙarfi. Na ce bari sai hutu. Kafin hutun aka gaya mini Baba ya koma Lagdo wajen Baffa, ƙanensa, mai sana'ar bandar kifi, domin zaman banza a Garwa ya ishe shi. Ya bar mahaifiyarmu da ƙanwata a gida, ya tafi da buzunsa da rediyo da akwatin.

Sai a babban hutu na samu zuwa. Na sauka da rana tsaka, na bi hayaƙi zuwa gidan Baffa a gefen ruwa. Matar Baffa da 'ya'yanta mata suna gaban banda, an jera tarwaɗa a kan waya, an lanƙwashe kowace wutsiya a baki. Suka tare ni da guɗa, 'yar jami'a ta zo. Itacen ranar ɗanye ne, wuta ta ƙi tashi. Matar Baffa ta miƙa hannu cikin wani kwando ta yago takarda biyu ta cusa ƙarƙashin itacen, wutar ta kama fuu. Kafin ta cinye na ga layi ɗaya, na kuma san shafin. Masuncin nan ne da birginsa, a jifa na tara.

Na ce, "Inna, wannan takardar fa?"

"Ta babanki ce, Allah ya saka masa. Tun zuwansa ya ba mu. Kin ga yadda take kamawa? Kamar an jiƙa ta da kananzir. Duk damina ba mu sha wahalar kunna wuta ba."

"Shi ya ba ku da kansa?"

"Da hannunsa. Na ce Yaya, ba ayoyi a ciki? Ya ce babu sunan Allah ko ɗaya sai a shafin farko, ya kuma cire su duka ya adana. Na ce to ba abin amfani ba ne? Ya ce shirme ne na zaman banza, babu mai karantawa. Ke lafiya? Hayaƙin ne? Matsa baya, ba ki saba ba."

Na ce hayaƙin ne. Na roƙe ta abin da ya rage, wai zan naɗe littattafaina. Kaye biyu ne da rabi: na uku, na goma sha ɗaya, da bayan na bakwai. Ta ce in ɗauka, amma in bar mata bangwayen, su ma suna ci.

Na same shi a bakin tafkin, a inuwar wani kwalekwale da aka kife, yana ɗinkin koma. Bai iya ba, ƙullinsa manya-manya ne. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Babu Goggo, babu bango, babu kowa sai wasu mata can nesa suna wanki. Kayen suna ƙarƙashin mayafina, na matse su a ƙirji. Tun a mota nake cewa yau zan faɗa ko ƙasa za ta tsage.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa wa ruwa. Ya tambayi ruwan ko karatu yana tafiya, na ce yana tafiya. Sai na buɗe baki, a nan ne na ga abin da kalmomin za su yi masa. Da na faɗe su bara, kyauta ce. Yau in na ce na karanta, na karanta duka goma sha taran, wasu sau biyar, na san irin shiru takwas a jere, to na gaya masa ke nan cewa shekara ashirin na rubutunsa ya miƙa wa wuta alhali mai karatunsa tana share masa ɗaki. Yanzu yana zaune ne da baƙin ciki ɗaya, ya saba da shi, yana ɗinkin komarsa. Ni zan kawo masa na biyu, wanda ba ya da magani.

Na rufe bakina. Muka zauna. Ruwa yana lasar gefen kwalekwalen, wata jaka tana kuka a hayi. Ban san tsawon lokacin ba. Can ya ce, "Rana ta yi zafi, a shiga gida." Na tashi na shiga.

Na sha tambayar kaina ko tausayi ne ya hana ni a ranar, ko kuwa tsohuwar kunyar ce ta sami sabuwar riga. Har yau ban sani ba. Wasu ranakun ina ganin da ya ji daɗi duk da haka, da ya ce a sayo masa sabon kaye. Wasu ranakun ina ganin fuskarsa in da na faɗa, sai in gode wa Allah da na yi shiru.

Da na koma jami'a na sayi kaye goma sha shida na zauna in mayar da abin da ya ƙone daga ka. Na zaci na haddace. Labaran suna nan, hankaka da likita da dorina, amma da na rubuta sai su fito da muryata, mai yawan ado, mai son kwatanta komai da wata da ruwa. Baba ba ya kwatanta yashi da komai. Yakan ce a zuba mai gwangwani kaza a yashi baho kaza, a juya har ya daina manne wa tafin hannu, kuma a cikin wannan ne duk abin yake. Adadin gwangwanin ma ya ɓace mini. Shirun nan takwas, shida kawai na iya tunawa. Na cika kaye biyu na ajiye, sauran kuwa daga baya ƙanwata ta kai wa 'ya'yanta.

Ya rasu a damina ta biyu bayan wannan, a Lagdo, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Ina ɗakin jarrabawa. Da aka buɗe akwatin, Baffa ya ce babu komai sai rigunansa biyu da wasu 'yan shafuka masu bisimilla a sama, an ɗaure su da zare. Aka ba wani malami ya san yadda zai yi da su.

Yanzu ina koyar da Faransanci a wata makaranta a Garwa. Inda filin golf yake unguwa ce mai masallaci biyu da wurin cajin waya. Na taɓa tambayar ɗalibaina ko sun san abin da ake yi a wajen da, wata ta ce maƙabarta ce. Finafinan da ya riƙe wa allo na neme su a waya ban san sunansu ba, shi ma bai rubuta ba, wataƙila ba a gaya masa ba. Kaye biyu da rabin suna cikin leda a ƙasan kayana. Ba na yawan buɗe su, bik ɗin yana dusashewa duk lokacin da ya ga haske.

Goggo ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, ta dawo hannuna. Bara, wata ranar Juma'a da hantsi, ina shafa mata man kaɗanya a ƙafa tana ba ni labarin mutanen da suka mutu, kamar yadda ta saba. Ta zo kan Baba. Ta ce ita dai ta fita kunyarsa, ta riƙe masa 'ya yadda ya kamata, ba ta taɓa bari an ga aibina ba.

"Ko a kan takardun nan nasa," in ji ta, tana murmushi. "Sau uku yana tambayata. Yaya, yarinyar nan da take share ɗaki, ko tana duba abin da ke cikin akwatin? Na ce haba, Allah ya kiyaye, 'yata mai kunya ce, ko kallon akwatinka ba ta yi. Kin ga ban tona ki ba."

Hannuna yana kan diddigenta. Na ce, "Yaushe ne na ƙarshe, Goggo?"

Ta yi ɗan tunani. Ta ce ranar da zai tafi Lagdo ne. Ya riga ya kawo akwatin ƙofar ɗakinta ya ajiye, wai a bar shi nan ko wani zai so shi in an dawo hutu. Da ta ba shi amsa, sai ya ɗan tsaya, ya sunkuya ya ɗauke shi, ya kai mota.